An gano cutar siliyak a jikin 'yata: duk gidan ne za mu bar alkama?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 7 ta daɗe tana fama da kumburin ciki da gudawa da rama. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce cutar siliyak ce, kuma dole ta bar duk abin da ke da gulutin, wato wani furotin da ke cikin alkama, har ƙarshen rayuwarta. Mu shida ne a gida: ni da babanta, yayyenta biyu, ita, sai jariri ɗan wata biyar. Babanta yana cewa ɗan kaɗan ba zai yi mata komai ba, domin ran nan ta ci biskit kuma lafiya lau ta kwana. Ni kuma gani nake gara duk mu bar alkama mu huta. Wane ne ke da gaskiya? Yaya zan yi da kicin, da makaranta, da jaririn?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba ta lafiya, ke kuma sannu da ɗawainiya. A aikina na tsara wa yara masu ciwon hanji abinci, wannan gardama ta uwa da uba ita ce wadda na fi saurara a watan farko bayan an faɗa wa iyali sunan cutar. Maigida ya yi kuskure, kuma kuskuren mai tsada ne. Ke kuma niyyarki mai kyau ce, sai dai kin yi gaggawa, kuma da gaggawar taki zan fara domin ita ce ke da wa'adi.

Kada kowa a gidan ya bar alkama kafin a yi masa gwajin jini. Ke, babanta, da yayyenta biyu. Siliyak cutar hanji ce mai bin jini. A cikin jama'a gaba ɗaya kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da ita, amma a tsakanin iyaye da 'yan'uwan wanda aka gano yana da ita, lissafin yana kaiwa wajen 1 cikin 10. Da yawa daga cikinsu ba sa jin komai a cikinsu. Wani ƙarancin jini ne kawai da ya ƙi jin magani, wata gajiya ce da ba ta ƙarewa, wani kuma guntu ne a cikin sa'o'insa ana cewa halittarsa ce. Gwajin da ake yi, wanda za ki ga an rubuta tTG-IgA a takarda, yana neman alamar faɗan da garkuwar jiki ke yi da gulutin ne. In an daina cin gulutin faɗan zai lafa, alamar ta ɓace, takarda ta fito fes alhali cutar na nan kwance. Wanda ya riga ya daina kuma yana son a gwada shi, sai ya koma ci. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ta ce a riƙa cin mai gulutin fiye da sau ɗaya a rana, na aƙalla mako 6, kafin a ɗibi jini. Mutumin da ya fara jin daɗin jikinsa ka ce ya koma ya sha wahalar mako shida, ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya sa gwaji ke zuwa kafin sauya abinci.

Ki roƙi likita ya haɗa da auna jimillar IgA, wani sinadarin garkuwar jiki, a jini, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya yin wannan sinadarin sosai, su kuma gwajin farko yakan yaudari likita a kansu. Akwai kuma gwajin ƙwayoyin gado guda biyu, HLA-DQ2 da HLA-DQ8. Kusan duk mai siliyak yana ɗauke da ɗaya daga cikinsu, amma haka ma wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na mutane, kuma mafi yawansu ba za su taɓa yin cutar ba. Don haka amfanin wannan gwajin yana wurin wanda aka ce ba shi da su: shi kam an sallame shi. Yaron da ke ɗauke da su kuma jininsa ya fito lafiya yau, ba a rufe littafinsa ba, domin cutar tana iya tasowa a kowane shekaru. Akan sake dubawa bayan 'yan shekaru, ko da zarar an ga wata alama.

Yanzu maganar babanta, kuma a nan zan daɗe.

Abin da ya ruɗe shi shi ne yana auna siliyak da ma'aunin abincin da jiki ke ƙi nan take, irin wanda mutum zai ci gyaɗa leɓensa ya kumbura cikin minti biyar. Siliyak ba haka take aiki ba. Cikin ƙaramin hanji lulluɓe yake da wasu 'yan tsirarraki masu kama da gashin tawul, kuma su ne ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini. Gulutin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai, wanda ake yin baƙin burodi da shi a Turai. Gulutin ɗin ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya miƙe. Cikin kowa ba ya narkar da shi gaba ɗaya, amma ga yawancin mutane ragowar wucewa take yi salin-alin. Ga mai siliyak, garkuwar jiki tana ɗaukar wannan ragowar a matsayin abokiyar gaba, ta far mata, a garin haka ta ƙone tsirarrakin hanjin har su kwanta. Tawul ɗin da gashinsa ya ƙare ba ya shan ruwa. Haka hanjin yarinyar zai bar sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin su wuce ba tare da ya kama su ba, komai kyan abincin da kika dafa.

Wannan ɓarnar ba ta buƙatar ciwon ciki kafin ta auku. Ranar da ta ci biskit ta kwana lafiya, cikinta ne ya yi shiru, hanjinta bai yi ba. A shekarar 2007 wani likitan yara ɗan Italiya, Carlo Catassi, da abokan aikinsa sun ba manya masu siliyak ɗan gulutin kullum na tsawon kwana 90, sannan suka duba hanjinsu. Miligiram 50 a rana ya isa ya fara lalata tsirarrakin. Yanka ɗaya na burodi yana ɗauke da wajen giram 2 ko fiye. Ki raba yankan gida arba'in, kashi ɗaya daga ciki shi ne abin da ake magana. Ɓurɓushi ne, irin wanda ke zuba a kan tebur ba wanda ya kula. To in ɓurɓushi yana wannan aikin idan ya zama na kullum, ina ga biskit guda duk ƙarshen mako?

Abin da ke jiran yaron da ake yi wa "ɗan kaɗan" ɗin nan sananne ne: ƙarancin jini, tsayuwar girma, jinkirin balaga, raunin ƙashi tun da ƙuruciya, lalacewar farin haƙori. A manyanta kuma akwai matsalar haihuwa da yawan ɓari, da wani nau'in ciwon dajin hanji wanda ba shi da yawa amma mugu ne. Ban kawo wannan don in tsorata ki ba. Yaron da aka tsare wa abinci yadda ya kamata, hanjinsa yana warkewa, ya kamo sa'o'insa a tsawo, ya rayu kamar kowa. Cututtuka kaɗan ne ake iya faɗin haka a kansu ba tare da allura ko ƙwaya ba.

Yadda ma aka gano alkama ce mai laifin darasi ne. Wani likita a Landan, Samuel Gee, ya bayyana cutar dalla-dalla a 1888, har ya ce maganinta yana cikin abinci, amma bai gano wane abincin ba. A 1924 wani likita a Amurka, Sidney Haas, ya fito da tsarin ciyar da yaran ayaba, yara suka samu sauƙi, aka yi ta yabon ayaba shekara da shekaru, alhali sirrin shi ne an cire musu burodi. Sai likitan yara ɗan Holan, Willem Dicke, wanda ya daɗe yana zargin alkama. A yunwar da ta auka wa ƙasarsa a sanyin 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, burodi ya yi ƙaranci, yaran da ke da cutar suka samu sauƙi. Da burodi ya dawo suka koma gidan jiya. A 1950 ya gabatar da bincikensa. In kuma wani ya ce miki ai wannan cutar Turawa ce, ki sani cewa ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a duniya a tsakanin yaran Sahrawi ne, mutanen Yammacin Sahara, inda aka sami fiye da kashi 5 cikin 100.

Shawarata game da maigida: kada ki mai da abin gardama tsakaninku a gaban yara. Ki nemi ya raka ku ganin likita na gaba, ya ga takardar jinin da idonsa, ya yi tambayarsa da bakinsa. Na sha ganin uban da ya ƙi jin matarsa wata uku ya sauko cikin minti goma da likita ya nuna masa hoton hanjin 'yarsa. Sau da yawa ba taurin kai ba ne, tausayi ne; ba ya son ya ga ana ci ita tana kallo. In ya fahimci cewa biskit ɗin ne cutarwar, tausayin nan shi zai mai da shi mai gadin abincinta.

To bayan gwaji, duk gidan ne za a bar alkama? Ra'ayina shi ne a'a, ba dole ba ne, amma tukunyar gida ta zama ɗaya. Abincin da ake zama a ci tare, musamman na rana da na dare, a dafa shi ba gulutin, kowa ya ci iri ɗaya. Alkama kuma ta koma baƙuwa a gidan: burodin da yayye za su ci da safe, biskit ɗin da baba zai tafi da shi wurin aiki, su zauna a kabad ɗaya, a ci su a wuri ɗaya, a goge wurin.

Dalilina na ƙin dafa tukunya biyu shi ne na ga ƙarshenta. Uwa takan fara da himma, wata biyu ta gaji, ranar da take sauri ludayin wannan tukunya ya faɗa waccan. Yarinya kuma kullum da kwanonta daban kamar marar lafiya a asibiti, tana ganin ita ce matsalar gidan. Dalilina na ƙin hana kowa kuma uku ne. Kayan da aka sarrafa musamman ba gulutin, irin su burodi da taliya, sun fi na alkama tsada a ko'ina, kuma ciyar da mutum shida da su asara ce. Na biyu, ba su fi lafiya ga mai lafiya ba. Sau da yawa ma sun fi sukari da mai, sun gaza a harza da sinadarin ƙarfe da bitamin B, domin ƙasashe da yawa suna ƙara wa fulawar alkama sinadarin ƙarfen da bitamin ɗin amma ba a cika ƙara wa waɗancan ba. Na uku, yayyen da aka raba da burodinsu saboda ƙanwarsu suna iya ƙullatar ta, kuma in ba sa cin gulutin ko kaɗan, gwajin da za a sake yi musu nan gaba ba zai nuna gaskiya ba. Sai dai in gwaji ya nuna mutum biyu ko uku a gidan suna da cutar, to lissafi ya sauya, barin alkamar gaba ɗaya ya fi sauƙi.

Abu ɗaya nake so ki fitar daga kicin ko da kowa ya fito lafiya: garin fulawa. Burodin da aka saya a leda ana iya tsare shi. Gari kuwa tashi yake, ya sauka a kan kwanuka da murfin tukunya da kan tebur, ki share ki ga kamar kin gama. In dole sai an yi kwaɓi, a yi shi lokacin da ba a haɗa abincinta, a rufe komai, a wanke wurin da ruwa da sabulu.

Iyaye kan zo mini da fargabar cewa babu abin da ya rage a ci. Ki zauna ki lissafa abin da kika dafa a makon jiya, za ki ga rabinsa ko fiye dama ba shi da gulutin. Shinkafa, masara, gero, dawa, dankali, doya, rogo, wake, gyaɗa, nama, kifi, ƙwai, madara, ganyaye da 'ya'yan itace, duk halal ɗinta ne muddin ba a haɗa su da wani abu ba. Ki gina girkinki a kan waɗannan, kayan kwali su zama na marmari. Kuma ki riƙa sassauya hatsin, kada ya zama shinkafa safe da rana da dare. Tarkon hatsi yana wurin niƙa da ajiya: garin masara ko na gero da aka niƙa a injin da ya gama niƙa alkama ya riga ya gurɓata, haka wanda ake aunawa da mudun da ake auna fulawa. Ki nemi wanda aka tabbatar, ko ki niƙa da kanki a abin niƙan da alkama ba ta taɓa shiga ba.

Alkama tana da sunaye da yawa. Samolina alkama ce, kuskus alkama ce, bulgur da taliya da makaroni duk ita ce. Sha'ir kuma yakan ɓuya a cikin kalmar molt, wanda ake zubawa a lemukan kwalba masu duhu, da garin shayi mai cakulan, da hatsin karin kumallo na kwali, har da wanda aka yi da masara. Ruwan ɗanɗanon waken soya, mafi yawansa da alkama ake haɗa shi. Sai dunƙulen ɗanɗano na miya, da garin kayan ƙamshi da aka gauraya, da tsiran nama na kanti, da kifi ko kazar da aka turbuɗa a gari kafin a soya, da miyar da aka kaurara da fulawa. Ba duka ne ke da shi ba, kamfani ya bambanta da kamfani, kuma kamfani ɗaya ma yakan sauya haɗinsa ba sanarwa. Don haka karanta jerin kayan haɗi zai zame miki ɗabi'a, ko da kayan da kika saba saya ne. Makonnin farko cefane zai ɗauke ki ninki biyu na lokaci, daga baya ido ya saba.

In kin ga an rubuta a kwali cewa babu gulutin, ma'anarsa a dokar yawancin ƙasashe shi ne bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Wannan shi ne ma'aunin Codex, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, kuma a kansa Tarayyar Turai take, Amurka ma ta kafa dokarta a kansa a 2013. Ostareliya da New Zealand sun fi tsanani, su sai wanda ba a iya gano komai a cikinsa. Lissafin yana da ma'ana: wanda ya ci rabin kilo na irin wannan abincin a rana bai wuce miligiram 10 ba, adadin da ake ganin yawancin masu cutar suna ɗauka lafiya. Ki lura kuma cewa "babu alkama" daban yake da "babu gulutin", domin na farkon yana iya ƙunsar sha'ir. Hatsin ots kuwa shi kansa yawancin masu siliyak suna cinsa lafiya, matsalarsa ita ce tun daga gona har masana'anta yana cuɗanya da alkama da sha'ir. Sai wanda aka rubuta babu gulutin, kuma ki tambayi likitanta lokacin da za a fara, domin akwai ƙalilan da shi ma ba ya karɓar su.

Game da kayan kicin, ba sai kin zubar da tukwanenki ba. Gulutin ba ƙwayar cuta ba ne, datti ne na abinci, wanki da ruwa da sabulu yana fitar da shi daga tukunyar ƙarfe da faranti da cokali. Abin da wanki ba ya iya wa shi ne mai ramuka da tsaga: kwalanda, rariya, cokalin katako, katakon yanka da ya sha wuƙa, da kaskon da ya kankare. Waɗannan ki saya mata nata, ki sa musu alama ko ki zaɓi launi ɗaya da kowa zai gane. Wani bincike da aka yi a asibitin yara na birnin Washington, wanda ya fito a 2019, ya auna waɗannan abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi fitowa da haɗari shi ne dafa taliya marar gulutin a ruwan da aka dafa ta alkama. Tukunyar da aka wanke aka zuba sabon ruwa kuwa ba ta da matsala. Na'urar gasa burodi ma ba ta gurɓata kamar yadda ake tsoro ba a gwajin nasu. Duk da haka ni nakan ce a ware mata tata in da hali, domin bincike ɗaya ne ƙarami, kuma na'urar gidan da ke da yara huɗu ba ta yi kama da ta ɗakin gwaji ba.

Wuta ba ta kashe gulutin, ko tafasa ko suya. Man da aka soya abu mai fulawa a ciki ya tashi daga nata, ko da dankali ne zalla za a soya daga baya. Kwalbar bota ko jam da ake tsoma wuƙar da ta shafi burodi ita ma haka; a raba mata tata, ko a koya wa kowa ɗiba da cokali mai tsabta. In ana haɗa abinci iri biyu, nata ake fara yi a rufe. A firji da kabad nata ne a sama, don ɓurɓushi ƙasa yake zuba. Sabulu da man shafawa da na wanke gashi kuwa kada su hana ki barci, gulutin ba ya ratsa fata, sai an haɗiye shi. Abin lura kawai shi ne wanda ke kaiwa baki, kamar ƙullun wasan yara irin Play-Doh, wanda da alkama ake yin sa; in ta yi wasa da shi ta wanke hannu kafin ta ci abinci. Magunguna kuma mafi yawansu ba su da matsala, amma ki riƙa faɗa wa mai ba da magani.

Gida shi ne mai sauƙin. Wahalar tana waje, wurin mutanen da ke ƙaunarta. Kaka ko gwaggo da za ta miƙa mata kek ta ce "ci abinki, kada ki faɗa wa mamanki" ba mugunta take nufi ba, kuma in kika tare ta da faɗa kin rasa ta. Ki same ta ke da ita, cikin girmamawa, ki ce likita ne ya hana, ki kwatanta mata da mai ciwon sukari, sannan ki ba ta abin yi: ga abubuwa biyar da jikarki take so kuma take iya ci, ki ajiye mata su. Mai son bayarwa in ka hana shi ba ka ba shi madadi ba, zai bayar a ɓoye. A makaranta ki je da kanki ki ga malaminta da shugabar makaranta, da takardar likita a hannu. Ta riƙa tafiya da abincinta, kuma ki bar wa malamin 'yar ajiya ta abin marmari da ba ya lalacewa, don ranar da wani yaro ya kawo kek ajin kada ta zauna hannu rabbana. In za a je taro ko walima, ta ci ta ƙoshi a gida, ki riƙe mata wani abu a jaka. A gidan cin abinci kada ki tsaya a "akwai alkama a ciki?", ki tambayi yadda aka dafa: da wane mai, a wane kasko, da me aka kaurara miyar. In mai kawo abincin yana inda-inda, ki zaɓi abin da ba shi da haɗi.

Ita kanta yarinyar, shekara 7 ta isa a fara damƙa mata amanar jikinta. Ki gaya mata gaskiya daidai hankalinta: akwai abin da ke cikin burodi da ke ji wa cikinta ciwo ko da ba ta ji ba, kuma ba laifinta ba ne, ba kuma zai hana ta komai ba. Ki koya mata jimla ɗaya da za ta riƙa faɗa ba kunya: "Na gode, ba na cin alkama, sai na tambayi mamana." Ku riƙa karanta kwali tare kamar wasa. Ranar da ta ci a ɓoye, kuma ranar za ta zo, musamman in ta fara tasowa, kada ki yi mata hukuncin da zai sa gobe ta ɓoye miki. Yaron da ya san zai iya cewa "Mama na ci" ya fi wanda ke tsoro tsira. In kuskure ya faru, babu maganin da ke goge shi. Ƙwayoyin da ake tallatawa wai suna narkar da gulutin ba sa kare mai siliyak, kada ki kashe kuɗinki. Ta sha ruwa, ta huta, a ba ta abinci mai sauƙi, a gano ta inda aka samu ɓarakar. Kuskure ɗaya ba ya rushe aikin wata shida. In amai ko gudawa suka yi tsanani har ta fara bushewa, a kai ta asibiti.

Kada ganin likita ya tsaya don ta samu sauƙi. Akan sake auna tTG bayan wata 3 zuwa 6, sannan lokaci-lokaci har ya sauko daidai, abin da yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu, daga nan sai sau ɗaya a shekara. Wannan lambar ita ce mai gaya miki ko gulutin yana satar hanya. Za a riƙa auna tsawonta da nauyinta, a duba sinadarin ƙarfe da bitamin D da folet da B12, a sa ido kan maƙoƙo da ciwon sukari nau'i na 1, domin suna yawan tafiya tare da siliyak. Abubuwa biyu kan ba iyaye mamaki a watannin farko. Ɗaya, madara tana iya ɓata mata ciki na ɗan lokaci, saboda sinadarin da ke narkar da sukarin madara a bakin tsirarrakin nan yake zaune. In sun farfaɗo yawanci matsalar takan wuce, don haka kada ki yanke mata madara har abada ba da shawarar likita ba. Biyu, cin abincinta zai buɗe sosai, yarinyar da kike lallashi ta ci za ta koma neman ƙari. Alama ce mai kyau, sai dai a cika mata ciki da abinci na gaske, wake da ganye da 'ya'yan itace, don kada gudawa ta juye ta zama taurin bayan gida.

Saura jaririn. Ki ci gaba da shayar da shi, kuma ba sai kin bar alkama don nononki ba, sai in gwajinki ya nuna kina da cutar. A da ana zaton jinkirta ba jariri gulutin, ko fara ba shi kaɗan-kaɗan yana kan nono, yana kare shi. Manyan bincike biyu da aka yi a kan jariran da ke da cutar a danginsu, waɗanda suka fito a 2014, sun nuna ba haka ba ne: jinkirin yana iya ɗan jinkirta bayyanarta, amma ba ya hana ta, shayarwa ma duk da ɗimbin amfaninta ba ta hana ta. Ƙungiyar likitocin hanjin yara ta Turai ta ce ana iya fara ba da gulutin kowane lokaci tsakanin wata 4 da wata 12. Don haka in ya isa fara cin abinci, wajen wata shida, ki gabatar masa da shi kamar kowane yaro, kaɗan-kaɗan, ba tare da cika masa ciki da shi ba. Gwada jininsa yanzu ba shi da amfani tunda bai fara ci ba. Ki tsara da likita lokacin da za a gwada shi bayan ya daɗe yana ci, kuma kada ki jira wannan lokacin in kin ga cikinsa yana kumbura, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ko nauyinsa ya tsaya a katin awo. Kujerarsa ta cin abinci kuma ki ajiye ta nesa da farantin yayarsa, domin ɗan wata takwas da biskit a hannu ya fi kowa a gidan iya watsa ɓurɓushi.